TSALLE IRI-IRI NE: KALMOMIN TURANCI NA TSALLE DA YADDA AKE AMFANI DA SU

Kowace shekara in mun zauna duba takardun insha'in Turanci, daga aji ɗaya har aji shida, akwai wata kalma da ba ta samun hutu a hannun ɗalibanmu, ita ce "jump". Kwaɗo "jump", ɓarawo a kan katanga "jump", kyanwa ta ga ɓera "jump", yaro ya ji ƙararrawar abinci shi ma "jump". Kalmar ba ta da laifi, Turanci ce mai kyau. Amma ɗalibin da ba shi da wata sai ita, kamar manomi ne mai fartanya ɗaya, da ita zai yi shara, da ita zai yi huɗa, da ita kuma zai yi girbi. Aikin zai yiwu, sai dai ba zai yi kyau ba.

Akwai kuma batun jarrabawa. A takardar Turanci ta WAEC da ta NECO, akan jera wa ɗalibi kalmomi huɗu ko biyar masu kama da juna, a ce ya zaɓi wadda ta fi dacewa da jimla. A irin wannan wuri ne maki yake zubewa, gama kama da wane ba wane ba ne. Maki ɗaya ko biyu sun isa su raba mai kiredit da wanda zai sake zama baɗi, ga shi kuwa kusan kowace jami'a tana neman kiredit a Turanci kafin ta ɗauki ɗalibi. Saboda haka bari mu ɗauki wannan ƙaramin gida na kalmomi, mu san kowa da sunansa da aikinsa.

MU FARA DAGA GIDA

Kafin mu taɓa Turanci, mu duba Hausar da muke yi kullum. Yaron da mai mangwaro ya tarar a kan reshe, dirowa yake yi. Wanda ya iske kwata a hanya, tsallake ta yake yi. Wanda yake zaune kunama ta harbe shi, zabura yake yi. Wanda ya kama ƙafa ɗaya da hannu yana tafiya da ɗayar, langa yake yi. Duka waɗannan tsalle ne, amma in wani ya ce mana kyanwa ta yi langa ta kama ɓera, dariya za mu yi masa. Ashe kunnenmu ya riga ya san bambancin. Haka Turanci yake, kowane irin tsalle da kalmarsa.

Tambayoyi huɗu za su taimake mu mu zaɓi kalma. Da ƙafa nawa aka yi tsallen? Yaya nisansa ko tsawonsa? Ina aka nufa, sama ko ƙasa ko ƙetare? A cikin wane hali aka yi shi, murna ko tsoro ko farauta? Mu riƙe waɗannan a zuciya yayin da muke bin kalmomin ɗaya bayan ɗaya.

1. JUMP

Wannan ita ce uwar gida, ita ce daidai da "tsalle" a Hausa. Ma'anarta a tura jiki da ƙafafu a bar ƙasa, ko sama, ko gaba, ko ƙasa. In muna shakka, ita ce ba ta cika ba da kunya ba. Misali: "The goat jumped over the fence", wato akuya ta tsallake danga.

Tana da wasu ayyuka biyu da ya kamata mu sani. Na farko firgita: "The thunder made the baby jump", wato tsawa ta firgita jariri, ko da yake bai bar inda yake kwance ba. Na biyu tashin farashi ko adadi farat ɗaya: "The price of maize jumped in July", wato kuɗin masara ya yi tashin gwauron zabo a watan Yuli.

A filin wasa ita ce muke ji a "long jump", tsallen nisa, da "high jump", tsallen sama. A gasar Olamfik ta 1996 a birnin Atlanta na Amurka, Chioma Ajunwa ta yi tsallen nisa na mita 7.12, ta zama mutum na farko da ya ciwo wa Nijeriya lambar zinariya a Olamfik. Mu auna mita bakwai a filinmu mu gani, za mu ƙara girmama ta.

2. LEAP

Wannan babban tsalle ne mai nisa ko mai tsawo, wanda aka sa ƙarfi a ciki. "The antelope leapt across the stream", wato barewa ta daka tsalle ta ƙetare rafi. Ba mu amfani da ita ga ƙaramin abu. Wanda ya tsallake tsintsiya a tsakar gida bai yi "leap" ba.

"Leap" tsohuwar kalma ce, tana cikin Turanci tun fiye da shekara dubu da suka wuce, "jump" kuwa sai wajen shekarun 1500 ta fara bayyana a rubuce. Domin haka "leap" ta fi nauyi, ta fi zama a rubutu da jawabi, "jump" kuma ta fi yawa a hirar yau da kullum. Masu karanta Littafi Mai Tsarki na Turanci za su iya ganin wannan da idonsu. A Ayyukan Manzanni sura 3, inda gurgun nan na bakin ƙofar Haikali ya warke ya tashi, juyin Sarki James na 1611 ya yi amfani da "leaping", juyin NIV na 1978 kuwa ya ce "jumping". Abu ɗaya ne ya faru, zamanin masu juyin ne ya bambanta.

A watan Yuli na 1969, sa'ad da Neil Armstrong ya sa ƙafarsa a kan wata, ya kira abin ƙaramin taki ga mutum guda, amma "giant leap" ga 'yan Adam duka. Da ya ce "giant jump", da maganar ta rasa darajarta. Wannan ya nuna mana cewa "leap" takan ɗauki ma'anar babban ci gaba.

3. HOP

Ga mutum, "hop" shi ne tsalle da ƙafa ɗaya, wato abin da muke yi a wasan langa da 'yar gala-gala. "He hurt his toe and hopped to the dormitory", wato ya ji ciwo a yatsa, ya tafi ɗakin kwana yana tsalle da ƙafa ɗaya. Ga ƙananan halittu kuwa, kamar kwaɗo da zomo da ƙananan tsuntsaye, ma'anarta gajeren tsalle ne da ƙafafu a haɗe, ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ne fara ta sami sunanta na Turanci, "grasshopper", mai tsalle-tsalle a ciyawa.

A hira akan ce "hop on the bus" ko "hop in", wato yi maza ka hau. Wannan maganar abokai ce. Kada mu sa ta a wasiƙar neman aiki ko wasiƙa zuwa ga shugaban makaranta.

Wasan da ya fi koya mana wannan kalma shi ne tsalle mai hawa uku, "triple jump", wanda a da ake kira "hop, step and jump". Mai tsalle zai tashi da ƙafa ɗaya ya sauka a kan wannan ƙafar, shi ne "hop". Ya sake tashi ya sauka a kan ɗaya ƙafar, shi ne "step". Sa'an nan ya tashi ya dira cikin yashi da ƙafa biyu, shi ne "jump". Jonathan Edwards na Birtaniya ya yi mita 18.29 a wannan wasa a shekarar 1995 a ƙasar Suwidin.

4. SKIP

Wannan ɗan tsalle ne marar nauyi, ana sauya ƙafa ana tafiya, irin na yarinyar da aka saya wa sabon takalmi. "The little girl skipped along the road." Murna ce take kawo shi. Ita ce kuma kalmar tsallen igiya: "The girls are skipping behind the hall", igiyar kuwa "skipping rope".

Ma'anarta ta biyu ta fi yawa a makaranta, wato a tsallake abu a bar shi ba a yi ba. "Do not skip any question in Section A", kada a tsallake ko tambaya ɗaya. "He skipped breakfast", bai karya kumallo ba. "She skipped the lesson", ta ƙi zuwa aji da gangan. Hausa da Turanci sun yi tunani ɗaya a nan, gama mu ma mukan ce ya tsallake shafi.

5. SPRING

Tsalle ne na farat ɗaya, daga zaune ko daga tsaye cik, ba shiri. Zabura ce ta fi kusa da ita. "The students sprang to their feet when the principal came in", wato ɗalibai suka zabura suka miƙe da shigowar shugaban makaranta.

Kalmar tana da wasu ma'anoni uku a matsayin suna, dukansu kuwa daga tunani ɗaya suka fito. Ƙarfen nan mai lanƙwasa na mota da gado, wanda in an danne shi yake komowa da ƙarfi, "spring" ne, daga nan muka sami "sifirin". Idon ruwa mai ɓuɓɓugowa daga ƙasa "spring" ne. Lokacin da tsire-tsire suke tohowa bayan sanyin hunturu a ƙasashen Turai shi ma "spring" ne. Kowannensu abu ne da yake tasowa da ƙarfi daga inda yake kwance.

6. BOUND

Gudu ne da dogayen tsalle a jere, cike da ƙarfi da kuzari, irin na barewa ko karen da ya hango maigidansa. "The dog bounded across the compound." A littattafan labari muka fi gamuwa da ita.

Mu yi hankali, akwai wasu kalmomi masu wannan rubutu da ba su da dangantaka da tsalle. "Out of bounds" da muke gani a dokokin makaranta daga kalmar iyaka ta fito, wato wurin da aka hana ɗalibi zuwa. "A lorry bound for Jos" kuwa mota ce da ta nufi Jos.

7. VAULT DA HURDLE

Waɗannan biyu na tsallake abu ne. "Vault" shi ne a tsallake ta wurin dafa hannu a kan abin, ko ta wurin dogara ga sanda. "The thief vaulted over the wall", wato ɓarawo ya dafa katanga ya haure. A wasanni akwai "pole vault", tsallen doguwar sanda. Sergey Bubka ne ya fara tsallake mita 6 a shekarar 1985 a birnin Paris, Armand Duplantis na Suwidin kuma ya tsallake mita 6.30 a Tokiyo a 2025. Ɗakin ajiyar kuɗi na banki ma sunansa "vault", amma wannan zance ne dabam.

"Hurdle" kuwa shi ne a tsallake shinge ana cikin gudu, ba tsayawa, ba dafawa. Tobi Amusan ta Nijeriya ta yi gudun mita 100 mai shinge goma cikin daƙiƙa 12.12 a Amurka a 2022, ta kafa tarihin duniya. Akan kuma kira kowace wahala da take gaban mutum "hurdle", misali: "The final examination is our last hurdle."

8. POUNCE, BOUNCE DA DIVE

"Pounce" tsallen mafarauci ne, a laɓe a jira, sa'an nan a dira a kan abu a cafke shi. "The cat pounced on the rat." In ba abin kamawa, ba "pounce".

"Bounce" na ƙwallo ne, ya bugi ƙasa ko bango ya komo. "The ball bounced twice before it entered the net." Yaron da yake tsalle-tsalle a kan katifa ma "bounce" yake yi. Cakin da banki ya mayar saboda babu kuɗi a asusu, akan ce "The cheque bounced". Mu lura harafi ɗaya ne tak ya raba "pounce" da "bounce".

"Dive" shi ne a faɗa ruwa da kai da hannuwa a gaba. Wanda ya faɗa da ƙafa "jump" ya yi. Mai tsaron gida da ya miƙe jiki ya bi ƙwallo gefe guda shi ma "dive" ya yi.

ƘANANAN KALMOMI MASU NUNA HANYA

Ga wani bambanci babba tsakanin harsunan biyu. A Hausa, ƙarshen aikatau ne yake nuna inda aka nufa. Mukan ce ya dira, ya diro; ya faɗa, ya faɗo; ya tsallaka, ya tsallako. Turanci ba ya yin haka. Aikatau yana nan yadda yake, sai a ƙara masa wata 'yar kalma a baya ta nuna hanya. In an sauya 'yar kalmar, labari ya sauya.

"Jump over the wall", a tsallake katanga.
"Jump onto the wall", a yi tsalle a hau katanga.
"Jump off the wall", a diro daga kan katanga.
"Jump across the gutter", a ƙetare kwata daga wannan gefe zuwa wancan.
"Jump into the river", a faɗa kogi.
"Jump out of the lorry", a diro daga cikin mota.
"Jump up", a zabura a miƙe.

Mu lura da "over" da "across". Abu mai tsayi, kamar danga ko benci, "over" muke yi masa. Abu mai faɗi, kamar rafi ko rami, "across" ta fi dacewa da shi, ko da yake akan ji "over" ma a nan. Mu kuma bambanta "off" da "out of". Abin da muke bisa kansa, kamar keke ko tebur, "off". Abin da muke cikinsa, kamar mota ko kwalekwale, "out of".

RUBUTU DA LOKACIN DA YA WUCE

A nan ne jan biro ya fi aiki. "Hop" da "skip" suna da gajeren wasali ɗaya da baƙi ɗaya a ƙarshe, saboda haka sai a ninka baƙin: "hopped, hopping", "skipped, skipping". Wanda ya rubuta "hoping" da "p" ɗaya ya bar zancen tsalle ya koma zancen sa zuciya, gama wannan daga "hope" ta fito. Kwaɗon da yake "hoping" fata yake yi, bai motsa ba. "Jump" kuwa baƙaƙe biyu ne a ƙarshenta, ba a ninka kome: "jumped, jumping".

"Leap" tana da hanya biyu, "leapt" da "leaped", duka daidai ne. Turawan Ingila sun fi son ta farkon, Amurkawa ta biyun. "Spring" tana bin sawun "sing" da "ring": "spring, sprang, sprung". Mukan ce "He sprang up", amma "He has sprung up". "Bound" ta tsalle takan zama "bounded". "Dive" takan zama "dived" a Turancin Ingila, wanda shi muka fi bi a makarantunmu, ko da yake za mu ga "dove" a littattafan Amurka.

FURUCI

Yawancin waɗannan kalmomi suna da "p", sautin da mu masu jin Hausa muke yawan haɗa shi da "f". In ba mu kula ba, "leap" sai ta fito kamar "leaf", tsalle ya koma ganye. Ga dabara. Domin "p", a rufe leɓɓa biyu gam, sa'an nan a sake su da ƙarfi. Domin "f", a ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa a hura iska. Mu riƙe 'yar takarda a gaban baki mu ce "hop, skip, jump, leap". In leɓɓa ba su haɗu a ƙarshen kowace kalma ba, mu sake.

Tsawon wasali ma yana da muhimmanci. Mun san bambancin gari da muke zaune a ciki da garin da ake tuƙa tuwo da shi, na farko gajere, na biyu dogo. Haka "lip", wato leɓe, gajere ne, "leap" kuma dogo. Amma "leapt" gajere ne, ana furta shi "lept". Ƙarshen "jumped" da "hopped" da "skipped" kuma sautin "t" ne, ba a ƙara masa wata gaɓa. Waɗannan duka sukan fito a gwajin furuci na jarrabawa.

SALON MAGANA

Turawa ma suna da nasu zantukan hikima a kan tsalle. Ba a juya su kalma da kalma, ma'anarsu ake koya.

"Jump the queue", a tsallake layi a shiga gaban waɗanda suka riga zuwa, ko a famfo ko a ɗakin cin abinci.

"Jump to conclusions", a yanke hukunci tun ba a ji ta bakin kowa ba.

"Jump at a chance", a karɓi dama hannu bibbiyu ba jinkiri.

"Jump the gun", a fara abu tun lokacinsa bai yi ba. Daga filin tsere ta fito, inda ake harba bindiga kafin a tashi. Tun daga 2010 dokar tsere ta duniya ta ce wanda ya riga bindiga sau ɗaya an fitar da shi. Haka ya faru da Usain Bolt na Jamaika a gudun ƙarshe na mita 100 a gasar duniya ta 2011 a Koriya ta Kudu. A lokacin babu wanda ya kai shi gudu a duniya, amma gaggawa ta hana shi ko gwadawa.

"By leaps and bounds", ci gaba da sauri ƙwarai: "Her English has improved by leaps and bounds."

"Look before you leap", a duba kafin a daka tsalle. Kakanninmu sun faɗi wannan da ƙarfi fiye da haka, da suka ce tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, amma a yi dubu ba a fita ba.

"Leapfrog" kuwa wasan da muke kira tsallen baɗake ne, inda ɗaya zai sunkuya ɗaya ya dafa bayansa ya tsallake. Kada mu haɗa shi da "frog jump", tsallen kwaɗo, wanda masu makara suka fi kowa saninsa.

SHEKARA MA TANA TSALLE

Me ya sa ake kiran shekara mai kwana 366 "leap year"? Duniya takan ɗauki kwana 365 da kusan awa 6 kafin ta kewaye rana. Domin kada waɗannan awoyi su taru su karkatar da kalanda, akan ƙara kwana ɗaya a Fabrairu bayan kowace shekara huɗu, ya zama 29, kamar a 2020 da 2024 da 2028. A 1582 Paparoma Gregory na 13 ya gyara lissafin, ya zama shekarun da suke cika ɗari ba su samun ƙarin sai in 400 ta raba su daidai. Shi ya sa 2000 ta samu, 1900 ba ta samu ba, 2100 ma ba za ta samu ba.

Bayanin da aka fi bayarwa game da sunan shi ne wannan. A shekarar da ba ƙari, kowace ranar wata takan matsa gaba da kwana ɗaya a mako. Kirsimeti ta 2022 ta faɗo ran Lahadi, ta 2023 ran Litinin. Bisa ga wannan, da ta 2024 ta faɗo ran Talata, amma saboda ƙarin kwanan Fabrairu sai ta faɗo ran Laraba. Ta tsallake Talata ke nan.

Wata kalma kuma da muka ara ita ce "jumper", wadda ta zama "jamfa" a bakinmu. A Ingila yau sunan rigar sanyi ce. Mai sa ta ba lalle ne ya iya tsalle ba.

AIKIN GWAJI

A cika kowane gurbi da kalmar da ta fi dacewa, a kuma sa ta a lokacin da ya wuce. Kalmomin su ne "leap, hop, skip, spring, bound, vault, pounce, bounce, dive, jump". Kowace sau ɗaya za a yi amfani da ita.

1. The leopard hid in the grass and ______ on the young goat.
2. Ladi lost one sandal and ______ across the hot sand on one foot.
3. The ball ______ off the wall and broke the louvre.
4. The soldiers ______ to attention when the officer entered.
5. Bitrus put one hand on the gate and ______ over it.
6. The goalkeeper ______ to his left and saved the penalty.
7. Audu ______ two questions and lost ten marks.
8. The puppy ______ up the steps to meet its owner.
9. The trader ______ the queue at the bank.
10. With all its strength, the horse ______ across the wide ditch.

Kada mu tsallake aikin mu dira kan amsa. Mu yi shi da fensir, mu yi wa kanmu tambayoyin nan huɗu a kan kowace jimla, sa'an nan mu duba.

Shawararmu ga ɗalibai a wannan hutu ita ce kowa ya keɓe 'yan shafuka a bayan littafinsa, ya yi wa wasu gidajen kalmomi irin abin da muka yi wa tsalle. A ɗauki tafiya, a ɗauki kallo, a ɗauki dariya. A fara jera kalmomin Hausa tukuna, kamar leƙe da hange da harara da ƙura ido, sa'an nan a buɗe ƙamus a nemi 'yan'uwansu na Turanci, a rubuta jimla guda da kowace. Iyayenmu da ba su yi boko ba suna da babban taimako a nan, gama su ne suka fi mu sanin kalmomin Hausar. Mu tambaye su da yamma bayan tuwo, mu kawo abin da muka samu aji in an komo. Allah ya ba mu hutu lafiya, ya ba 'yan aji shida sa'ar jarrabawa.

AMSOSHI: 1. pounced 2. hopped 3. bounced 4. sprang 5. vaulted 6. dived 7. skipped 8. bounded 9. jumped 10. leapt ko leaped